Yadda ake gano mai laifi a hatsarin mota: misalin Gimbiya Diana

Bayan aukuwar hatsarin mota, masu bincike kan duba abubuwa uku kafin su ɗora wa wani laifi: alamun da suka rage a kan titi da jikin mota, da halin da direba yake ciki, da kuma bayanan shaidu.

To sai dai hujjoji iri ɗaya na iya kai kotuna biyu ga hukunci daban-daban, kamar yadda ya faru a hatsarin da ya hallaka Gimbiya Diana ta Birtaniya.

A daren 31 ga watan Agustan 1997 ne motar da ke ɗauke da ita, ƙirar Mercedes, ta daki ginshiƙi na 13 a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke birnin Paris, yayin da masu ɗaukar hoto ke biye da ita a kan babura.

Gimbiyar da abokinta Dodi Fayed da direban, Henri Paul, sun rasa rayukansu. Mai tsaron lafiya, Trevor Rees-Jones, shi kaɗai ya tsira.

Abin da hujjoji suka nuna

Ƙwararru sun ƙiyasta cewa motar na gudun kusan kilomita 100 a sa'a guda, a wurin da doka ta ƙayyade kilomita 50.

Gwajin jini ya nuna cewa barasar da ke jikin direban ta ninka abin da dokar Faransa ta amince da shi kimanin sau uku.

An kuma ga ɓurɓushin farin fenti a jikin motar, wanda ya nuna cewa ta gogi wata mota ƙirar Fiat Uno gab da hatsarin.

Hukunci biyu

A 1999, alƙalan Faransa sun ɗora alhakin a kan direban, suka kuma wanke masu ɗaukar hoton, saboda ba a tabbatar cewa su ne musabbabin hatsarin kai tsaye ba.

Mahaifin Dodi, Mohamed Al-Fayed, ya dage cewa kisan gilla ne aka shirya, amma binciken 'yan sandan London ƙarƙashin Lord Stevens ya yi watsi da zargin a 2006.

A watan Afrilun 2008 kuwa, 9 daga cikin masu taya alƙali yanke hukunci su 11 a London sun raba laifin tsakanin direban da motoci da baburan da ke binsa, bisa tuƙin ganganci. Sun kuma ce rashin ɗaura bel ya taimaka wajen mutuwar gimbiyar da Dodi.

Ke nan auna gudu da gwajin jini aikin ƙwararru ne, amma dokar kowace ƙasa ce ke fayyace ko wanda ya tunzura direba ma yana da nasa kason na laifi.