Aikatau a Saudiyya: Abin da Ba a Ɗorawa a TikTok

A TikTok, Saudiyya ba ta wuce abaya da kabsa da hoto a Harami ba. Ba a nuna kafala, tsarin da ke ɗaure igamar ma'aikaci a hannun kafili, wato ubangidansa.

Ga yadda tarkon yake: eja ya yi miki alƙawarin albashi mai tsoka, kina sauka a karɓe fasfonki. Aiki ba dare ba rana, albashi sai an ga dama. Kika gudu, kafili ya kai rahoton "hurub", shi ke nan kin zama mai laifi. Daga nan sai Shumaisi, sansanin tsare baƙi tsakanin Jidda da Makka.

Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida ba. A Janairun shekarar kuwa, sai da bidiyon 'yan Najeriya da ke tsare ya karaɗe intanet kafin a kwaso ɗaruruwansu zuwa Abuja.

Don haka kafin tafiya, ki karanta kwantiragi, ki bar kwafin fasfo a gida, ki haddace lambar ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da na Jidda. Haddacewa fa, don wayar ma ana ƙwacewa.