Lungun da ba ya ɓullewa: na mazauna ne ko na hukuma?

A garuruwa irin su Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, ƙaruwar jama'a ta sa gonakin bakin gari suna rikiɗewa zuwa unguwanni.

Zuru ta ƙara samun baƙi tun bayan da aka mayar da kwalejin aikin gona ta garin jami'ar tarayya a shekarar 2020, ga kuma mutanen ƙauyuka da hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidajensu.

Galibi mai gona ne ke yanka ta fuloti-fuloti ya sayar, ya bar 'yar hanya a tsakiya wadda ke ƙarewa a katangar gida na ƙarshe.

Da yake babu mai ratsa irin wannan lungu, yara kan yi wasa ba fargabar mota, kuma nan take ake gane baƙuwar fuska.

Mazauna kan yi karo-karo su ɗauki maigadi, su haƙa rijiyar burtsatse, daga bisani su kafa ƙofar ƙarfe a bakin lungun.

Matsayin shari'a

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bambanta hanyar da ke ɓullewa, wadda haƙƙin kowa ce, da wadda ba ta ɓullewa, wadda mazaunanta ke tarayya a kanta.

Ibn al-Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda.

Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne, wanda gidansa ya juya wa lungun baya ba zai fasa ƙofa a cikinsa ba sai da yardar mazauna.

Sai dai dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ɗora kula da filayen birane ne a hannun gwamnan jiha. Saboda haka takardar da mutum ke riƙe da ita ta fulotinsa ce kawai, ba ta haɗa da hanya ba.

A nan ne rigima kan taso: wani ya ci hanya da katanga, wani ya toshe magudanar ruwa, ko a kulle ƙofa da dare alhali akwai mai naƙuda a ciki.

Tabbatar da cewa hanyar tana cikin taswirar hukuma kafin a biya kuɗin fili, da rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa, na iya hana maƙwabta kai juna gaban alƙali.