Me ya sa tiyar hatsi ba ta kuɗi ɗaya a Gazawa da Gidan Rumji?

Masu saurare, duk mako in mun karanto muku farashin kasuwanni, sai wani ya bugo yana tambaya: yaya hatsi iri ɗaya, tiya ɗaya, amma kuɗinta a Gazawa daban, a Cadawa daban, a Gidan Rumji daban? Ƴan uwa da ke Kano, Agadas ko Libiya masu aiko kuɗin cimaka su ma sukan yi wannan tambaya. To, akwai masana tattalin arziki da wannan shi ne aikinsu, kuma a ƙasarmu suka yi wasu daga cikin binciken da ya fi suna.

Dabararsu ba ta da wuyar ganewa. Sukan ɗauki kasuwanni biyu-biyu, su jera farashin kowane wata da hukumar SIMA ke tattarawa, su duba tazarar da ke tsakani. Sannan su sa kwamfuta ta rarrabe: nawa ne laifin nisa, nawa ne na lalacewar hanya, nawa ne na iyaka, nawa ne na rashin labari. A wurinsu ba a auna nisa da kilomita kawai. Ƙauyen da amalanke kaɗai ke shiga da damina ya fi nisa da Maraɗi bisa ga garin da ke bakin kwalta, ko da a taswira shi ne kusa.

Wata malama da ta koyar a jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi yadda salula ta shiga kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Da yake ba rana ɗaya aka kafa wa kowane gari eriya ba, ta samu damar gwada kasuwa kafin zuwan rezo da bayansa. Sakamakon da ta fitar a 2010 ya nuna tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, kuma an fi ganin haka a kasuwanni masu nisa da juna.

Batun iyaka ya fi ba mu sha'awa. A 2014 ita da abokan aikinta sun nuna cewa iyakar Nijar da Najeriya tana ƙara tazarar farashin hatsi da wake, amma tasirinta na raguwa inda ƙabila ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Wanda ya san yadda ake ba da kaya bashi tsakanin Maraɗi da Jibiya ba zai yi mamaki ba: yarda ma hanya ce. Mun kuma ga abin da ke faruwa in an toshe ta, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan Yulin 2023.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Da Aker da Marcel Fafchamps suka duba kuɗin da manomi kansa ke karɓa, sun tarar salula ta rage tazarar farashin wake da kusan kashi 6, amma ba ta taɓa na hatsi da dawa ba, kuma ba ta ɗaga abin da ake biyan manomi ba. Mu dai ga yadda muka fahimta: ɗan kasuwa in ya ji labari yana da mota da jari, ya juya kaya inda suka fi daraja. Manomin karkarar Agiye kuwa ko ya san farashin Maraɗi, bashin damina na jiransa da kaka, kuma kuɗin kai buhu biyu birni sun cinye ribar.