Shirin Musamman: Wutsiyar "-ant" a Faransanci

Shirin yau na ɗalibanmu ne masu shirin jarrabawar BEPC da BAC, a kan participe présent, wannan wutsiyar -ant mai cinye wa yara maki.

Gina shi ba wuya. Ka ɗauki aikatau yadda yake tare da nous, ka cire -ons, ka sa -ant: parlons ya koma parlant, finissons ya koma finissant. Uku ne suka bijire, a haddace su: étant, ayant, sachant.

Wurin ƙara harafi a ƙarshe ake tuntuɓe. Ku dubi manyan motocin da ke fitowa daga kamfanin siminti na Malbaza, shaƙe da buhuna: les camions transportant le ciment. Motoci barkatai, amma ba a sa s, domin kalmar aiki take yi, ga kuma abin da ake ɗauka biye da ita. Haka matan Galmi masu sayar da albasa: les femmes vendant des oignons, babu e, babu s. Tun 1679 Académie française ta yanke wannan hukunci.

To amma lebura da ya wuni yana sauke buhunan nan cikin zafin Afrilu zai ce une journée fatigante. Nan siffa ce, dole ta bi sunan, mace ko namiji, ɗaya ko jam'i. Har rubutun ma ya sauya: fatiguant mai u aikatau ne, fatigant maras u siffa ce. Ni da nake karanto muku, bakina bai raba su ba, kunnenku ma ba zai raba ba. Sai dabara: gwada sa kalmar tsakanin ne da pas. In sun zauna daram, aikatau ne, kada ka ƙara masa komai.

Idan kuwa en ta shigo gaba, aiki biyu ne a lokaci guda: elle chante en pilant le mil, tana waƙa tana dakan hatsi. Sharaɗin, mai waƙar ita ce mai dakan.

A Maris 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki, amma har yanzu da shi yaranmu ke rubuta jarrabawa. Don haka malamai, don Allah ku warware musu wannan darasi da Hausa, da misalan siminti da albasar da suke gani kullum, kafin ku ba su dikte.