Bai wa kyanwa da kare ɗanyar madara da kefir: amfani ko haɗari?

A gidaje da yawa, idan aka tatso madara akan zuba wa kyanwa kaɗan a ƙoƙo, makiyayi kuma ya ɗan sam wa karen garkensa. Niyya mai kyau ce, domin Musulunci ya yi umarni da kyautata wa dabbobi. Sai dai ya kamata mu san abin da madarar ke yi a cikinsu.

Madarar saniya tana ɗauke da wani sukari mai suna laktos, kusan kashi 5 cikin 100. Ɗan kyanwa da kwikwiyo suna narkar da shi yayin da suke shan mama, amma bayan yaye sinadarin da ke wannan aiki a hanjinsu yakan ragu. Shi ya sa manyansu da yawa suke yin gudawa da kumburin ciki idan sun sha madara, ɗanya ce ko dafaffiya.

Shi kuwa kefir madara ce da aka tsamar, dangin kindirmo da nono. Asalinsa daga tsaunukan Kokasas ne, kuma ana yin sa da wasu ƙwayoyi masu haɗe da bakteriya da yisti, waɗanda ake barin su cikin madara kamar kwana ɗaya. Tsamin yana cinye wani ɓangare na laktos, don haka ya fi sauƙi ga cikin dabba. Amma bai cinye shi duka, kuma ba a dogara da shi wajen kashe cututtuka.

A nan babban haɗarin yake. Ɗanyar madara tana iya ɗaukar tarin fuka na shanu, da cutar da makiyaya ke kira bakkale mai sa shanu ɓari, da salmonela. A watan Maris na 2024 an gano murar tsuntsaye a shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka. A wata gona, fiye da rabin kyanwoyi kusan 24 da aka bai wa ɗanyar madarar shanu marasa lafiya sun mutu cikin 'yan kwanaki. Haka kuma dabbar da ta kamu da salmonela tana iya zubar da ita a kashinta cikin tsakar gida, inda yara ke rarrafe.

Mafita mai sauƙi ce: a tafasa madara tukuna, a bari ta huce, sannan a tsamar da ita. A masana'antu ana ɗumama ta zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15. A fara bai wa kyanwa ƙaramin cokali ɗaya, ba tare da sukari ba, a lura da ita kwana biyu. Idan gudawa ta zo, a daina; idan ta ci gaba, a nemi likitan dabbobi.

Ɗan kyanwar da ya rasa uwa kuwa, madarar saniya ba ta wadatar da shi, domin ta uwarsa ta fi ta furotin. Babbar kyanwa da kare kuma ba su buƙatar madara; abinci mai nama ko kifi da ruwa mai tsabta sun ishe su.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da ke hannunmu.