Gwajin ƙwaya a jami'o'i: Abin da fitsarin ɗalibi ba zai nuna ba

A ƙarshen watan Yulin 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa da shugaban hukumar NDLEA Buba Marwa suka amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin shan ƙwaya. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A Jihar Kano adadin ya haura miliyan ɗaya.

Sai dai gwaji yana nuna abin da ya shiga jiki a 'yan kwanakin baya ne kawai, ba ya faɗin abin da ya sa aka sha.

A ɗauki yaron da ya tashi a Jajaye ko Zarewa a Ƙaramar Hukumar Rogo, ko a wani ƙauyen Ƙaraye, ya samu gurbi a Jami'ar Bayero ko ABU Zariya. Sau da yawa shi ne na farko a gidansu, an sayar da buhunan masara aka biya masa rajista, kowa kuma ya zuba masa ido. A gida in ransa ya ɓaci akwai kaka, akwai majalisar abokai. A makaranta kuwa zai iya faɗuwa jarrabawa, ko kuɗin abinci su ƙare, ko budurwa ta juya masa baya, babu wanda ya lura. An kuma horar da shi cewa namiji ba ya kuka. Ita ma ɗaliba tana shiru, don kada a ce ta lalace a boko. Ga yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya zaunar da ɗalibai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, da ƙarin kuɗin rajistar da ya biyo baya a 2023.

A irin wannan hali ne ƙwaya ke shigowa a matsayin magani. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bayanin cewa mutane da yawa ba daɗi suke nema ba, sauƙi suke nema daga damuwa, fargaba ko rashin barci. Tiramadol da kodin suna kwantar da zuciya na 'yan sa'o'i. Daga nan jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da aka rasa kuma ciwon jiki da ƙunci su dawo fiye da na da. Sai a koma sha don gudun wahalar da ƙwayar da kanta ta haifar. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki kuwa ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, wato bayan yawancin ɗalibai sun kammala digiri.

Kano ta riga ta ga yadda jaraba ke sauya riga. Bayan fim ɗin binciken BBC kan kodin, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a Mayun 2018. Kwalba ta yi tsada, masu sha da dama suka koma wasu ƙwayoyin. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, amma cacar tana cikin wayar ɗalibi, a ɗakin kwanansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca da ta wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma babu gwajin fitsarin da ke kama ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya kamata a matsa wa hukumomi a kai shi ne: in gwaji ya kama ɗalibi, ina za a kai shi? Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da cibiyar gyaran tarbiyya ta Kiru, maƙwabciyar Ƙaraye, amma galibi ana isa can ne bayan al'amari ya yi nisa. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga al'umma fiye da miliyan 200. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai fama haƙƙin samun kulawa ba tare da tsangwama ba. Idan sakamakon gwaji kora ce, ɗalibin zai koma Rogo da jarabarsa da kunyar gida, abokansa da suka ga abin da ya same shi kuma za su ƙara ɓoye nasu. Kafin a sayi kayan gwaji, ya dace kowace jami'a ta bayyana masu ba da shawara nawa take da su, da kuma wanda zai ga sakamakon ɗalibi.