Ko Kun Sani? Dutse Yana Karkata Igiyar Magini

Idan magini ya saki igiya mai ɗan ƙarfe a bakinta don ya duba ko bango ya miƙe, wajen tsakiyar duniya igiyar take nunawa, domin can ƙasa ke jan duk wani abu mai nauyi. Tunda duniya a dunƙule take, ginshiƙai biyu da suka miƙe cak sai su riƙa ɗan buɗewa da juna yayin da suke yin sama.

An ga haka a gadar Verrazzano-Narrows ta birnin New York a Amurka, wadda aka buɗe a 1964. Hasumiyoyinta biyu kowacce tsayinta mita 211, tsakaninsu mita 1,298, amma tazarar kawunansu ta fi ta gindinsu da kusan milimita 41, alhali kowacce a miƙe take sarai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babban dutse ma yana jan igiyar. A 1774 masanin taurari Nevil Maskelyne ya auna yadda dutsen Schiehallion na arewacin Birtaniya ke karkata ta zuwa gefensa, kuma da wannan awon aka ƙiyasta nauyin duniya baki ɗaya.